Neman shawara: wane iyafis zan saya da zai daɗe, kuma in ji kiɗa yadda yake?

Mai tambaya, tela a Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar sauti. Ni tela ne, kuma tun safe har bayan la'asar iyafis yana kunnena, haka ma in na hau adaidaita sahu zan koma gida. Kiɗan gargajiya na fi saurare, na kalangu da kukuma da gurmi, da asuba kuma ƙira'a. A cikin shekara guda na sayi guda 4. Uku masu waya ne, kuma dukkansu kunne ɗaya ne ya fara mutuwa. Na huɗun na Bluetooth ne, wata 5 ya yi ya daina riƙe caji.

Lalacewar ma ba ita ta fi damuna ba, sautin ne. Na taso a unguwar makaɗa, na san yadda kalangu yake magana idan makaɗi ya matse shi a hammata ya saki. A waɗannan da nake saya ba na jin wannan maganar, sai dum-dum da ke danne muryar mawaƙi da 'yan amshi. Ga janaretan maƙwabcina, in ya tashi dole in ƙure ƙara kafin in ji wani abu, har da daddare in na kwanta nakan ji kunnena yana wani wiii. Na tara Naira 35,000. Wayata tana da ramin iyafis. Me zan saya?

Mai gyaran waya, kasuwar Farm Centre a Kano:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin a zo maganar wanda za ka saya, ɗauko waɗancan ukun in ba ka jefar ba. A cikin waɗanda ake kawo mini da kukan kunne ɗaya ya mutu, da yawa lafiyarsu ƙalau. Cire robar bakin, za ka ga wata 'yar raga. Dattin kunne da ƙurar hunturu ne suke toshe ta, sai sauti ya yi ƙasa-ƙasa har ka zaci ya mutu. Sa tsohon buroshin haƙori busasshe ka goge, bakin yana kallon ƙasa. Kada ka zura allura.

In ka goge bai dawo ba, to waya ce ta tsinke a ciki, galibi a wuyan filogi, wajen da take lanƙwashewa in wayar salula tana aljihu. Shi ya sa shawarata ɗaya ce: ka sayi irin wanda ake cire masa waya a sa wata. Akwai masu ƙusa biyu, girman da aka fi samu milimita 0.78, akwai kuma masu maɓallin da ake kira MMCX. In waya ta tsinke, ita kaɗai za ka canza, kawunan suna nan. Ka nemi mai filogi lanƙwasasshe kamar harafin L, ya fi jure aljihu. Kuma ka daina naɗe shi a jikin wayar salula, wannan naɗin ne yake cinye shi.

Ɗalibin injiniya, Zariya:

Yaya, abin da ka ce game da kalangu shi ne zuciyar maganar, don haka bari in ɗan tsawaita a kansa. Yawancin masu arha da gangan ake cika musu amon ƙasa, wato dum-dum ɗin da kake ji, saboda mai saya a kasuwa minti ɗaya yake gwadawa, in ya ji ƙirjinsa ya motsa sai ya biya. Amma maganar kalangu, da kukan kukuma, da muryar ɗan Adam, duk a tsakiyar sauti suke zaune. In amon ƙasa ya yi yawa sai ya malalo ya rufe su. Kai wanda tsakiyarsa ta fito fili kake nema, ba mai girgiza ba.

Kada rubutun kwali ya ja ka. Kusan kowane kwali an rubuta 20 zuwa 20,000 na hez (ma'aunin kauri da sirantar sauti), wanda shi ne iyakar jin ɗan Adam, ba ya gaya maka komai game da daɗin sauti. Haka masu cewa lasifika 4 ko 5 ne a kowane kunne. Lasifika ɗaya da aka daidaita da kyau ta fi tarin da ba su jitu ba. Lambar da za ka duba ita ce ta om, ma'aunin turjiyar iyafis ga wutar lantarki: 16 zuwa 32 wayarka za ta ja shi ba tare da ƙarin na'ura ba.

A kuɗin da ke hannunka, akwai 'yan Chana da suka yi suna a wajen masu bin sauti a duniya: Moondrop Chu II, da 7Hz Salnotes Zero, da Tangzu Wan'er. Duk wajen Dala 20 aka fito da su, duk lasifika ɗaya ne, duk ana cire musu waya. Ni Salnotes Zero nake amfani da shi, kuma a kansa na fara jin numfashin da mai algaita yake ja. Ka lura, Chu na farko wayarsa a manne take, na biyun ne ake cirewa. Na kamfanin KZ sun fi samuwa a kasuwanninmu, amma da yawansu suna da kaifi a sama da nauyi a ƙasa, wato abin da kake gudu. Akwai Shure SE215, tsohon hannu ne tun 2011, ya shahara wajen toshe hayaniya, sai dai a Dala 99 aka fito da shi, ya wuce abin da ka ware.

Wata malamar jinya, Kaduna:

Ƙanena, kowa ya tafi kan saye, ni maganar kunnenka ce ta tsaya mini a rai. Wannan wiii ɗin da kake ji da daddare kunnenka ne yake kawo ƙara. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi da suke karɓar sauti. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, babu maganin da yake dawo da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren ƙara mai desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) har awa 40 a mako, amma in ta kai 90 awa 4 ce kacal a mako, in ta kai 100 minti 20. Waya in aka ƙure ta tana iya kaiwa wajen 100. Kai kuma yini kake yi.

Tun daga yau kada ka wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar wayarka, kuma duk bayan awa ɗaya ka cire ka huta. In wiii ɗin ya fara zama da kai har da rana, ko ka ga kana yawan cewa mutane su maimaita magana, ka je ka ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro a auna jinka. Kada kuma ka riƙa ba yaran shago aron iyafis, ciwon kunne yana bin robar. Ka yi haƙuri na yi maka faɗa, sana'arka tana buƙatar kunne, da shi kake jin keke in ya fara canza murya.

Mai tambaya:

Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Wallahi na ɗauka gajiya ce. Amma in na rage ƙara, janareta ya rinjaye ni. Yaya zan yi?

Mai haɗa sauti a situdiyo, Jos:

Malam tela, amsar tambayarka tana jikin 'yar robar nan da kowa yake rainawa. A kwali akan sa girma uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, mutane kuma wadda suka tarar a jiki suke amfani da ita har abada. In robar ba ta rufe ramin kunnenka ruf ba, abu biyu ne suke faruwa: amon ƙasa na gaskiya ya zurare, hayaniyar waje kuma ta shigo, sai hannu ya tafi wajen ƙara sauti. Gwada duka ukun. Ka ja saman kunnenka sama da baya da ɗaya hannun, ka tura a hankali, ka saki. In ta zauna daidai, za ka ji duniya ta yi nisa tun kafin ka kunna komai, muryarka kuma ta cika maka kai. Kada ka yi mamaki in kunnen dama ya so matsakaiciya, na hagu ya so babba, nawa haka suke.

Akwai kuma ta soso, wadda ake murzawa ta tsuke, a sa a kunne ta kumbura. Ta fi roba toshe hayaniya nesa ba kusa ba, mawaƙa a dandamali da yawa ita suke sawa. Aibinta tana shan gumi da datti, bayan 'yan watanni sai an canza. Ga mai zama kusa da janareta, ni ita zan ce ka nema.

Sai abu na biyu, wanda na san wasu ba za su so ji ba. Daga ina waƙoƙinka suke? In daga masu turawa a kasuwa ne, waɗanda aka kwafa daga kaset aka matse, aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, iyafis mai kyau ba zai gyara su ba, tona asirinsu zai yi, ka fara jin shuuu da tsatsa. Duba bayanin fayil ɗin. Za ka ga lambar kbps, mai nuna yadda aka matse waƙar: MP3 mai 128 ana iya haƙuri da shi, 256 ko 320 ya fi, ƙasa da 128 kuwa kuge da shantu duk ruwa suke zama. Tsofaffin kiɗan da aka ɗauka tun zamanin faifai sai dai a karɓe su yadda suke, amma ko su za ka ji bambanci a murya.

Wata 'yar kasuwa, Maraɗi:

Ni dai ban yarda a yi watsi da Bluetooth haka ba. Shi tela ne fa, yana tsakanin almakashi da zare da keke, waya tana reto a ƙirjinsa, wata rana za ta maƙale ya fizge. Nawa Oraimo ne, ina tafiya da shi Kano in dawo, bai ba ni matsala ba. Kuma akwai masu kashe hayaniya da kansu, suna da makirfo da yake jin ƙarar waje ya aiko da kishiyarta. Ƙugin injin mota da na janareta su ne ma abin da suka fi iya kashewa, tunda ƙara ce mai tafiya bai ɗaya.

Ɗalibin injiniya:

Hajiya, gaskiyarki kan janareta, nan ne wannan fasahar ta fi aiki. Inda na tsaya shi ne kuɗin. A mai Bluetooth, Naira 35,000 ɗin za a raba ta ne tsakanin batir uku, da akwatin caji, da makirfo, da ƙwaƙwalwar rediyo, abin da ya rage shi ne na lasifika. A mai waya kusan duka kuɗin sauti ne. Batirin kuma ƙarami ne, kullum ana cika shi ana juyewa, ga zafin ƙasarmu, kuma a liƙe yake ba a canza shi. Mai yini yana saurare zai gajiyar da shi da wuri. Maganar reto kuwa, waɗannan da na lissafa ta bayan kunne wayarsu take zagayawa, sai ya zura ta cikin riga ta baya, ba abin da zai taɓa gabansa.

Wanda dai ya fi son Bluetooth, ya duba hanyoyin da yake karɓar sauti daga wayar salula, ko akwai AAC ko aptX ko LDAC, ba SBC kaɗai ba, kuma sai wayarsa ma ta san su. Ya duba alamar IPX4 saboda gumi. Wanda wayarsa ba ta da rami, tunda Apple suka cire shi a iPhone 7 a 2016 wasu suka bi, akwai ɗan guntun haɗi da ake sawa a ramin caji na USB-C. A nemi mai ƙwaƙwalwar sauti a ciki, don maras ita ba kowace waya yake yi wa aiki ba.

Wani dattijo, direban babbar mota mai ritaya:

Yaro, ni ban san waɗannan sunaye ba, abu biyu zan faɗa maka. Jabu ya cika kasuwa, kwali ɗaya da na gaske har da hatimi. In ka ji farashi ya faɗi ƙasa da rabin abin da aka sani, ka san akwai lauje cikin naɗi. Ka sayi a shagon da yake da ƙofa, wanda in ka dawo gobe za ka same shi, ka karɓi rasit, kuma ka tafi da waƙar da ka haddace ka gwada da wayarka, ba da tasu ba.

Na biyu, wannan toshe kunnen da ake koya maka na cikin shago ne. In ka fito titi ka cire, ko ka bar kunne ɗaya. Na yi shekaru a kan hanya, na sha danna ham ga matashi yana tsallaka titi bai ji ba. Mota mai kaya ba ta tsayawa nan take.

Mai tambaya, bayan mako biyu:

'Yan'uwa na dawo da bayani. Na bi maganar mai gyara, na goge ragar tsofaffin, ɗaya daga cikin ukun ya dawo garau, na ba ƙanena bayan na canza masa roba. Na sa wani abokina ya yi mini odar Salnotes Zero, kuɗin ya isa har da canji. Ranar farko ban ji daɗinsa ba, na ga kamar ba shi da nauyi, sai na tuna maganar ɗan'uwanmu na Jos na koma babbar roba. Nan take janareta ya koma kamar a bayan layi yake. Yanzu ƙarar wayata ba ta wuce rabi. Jiya na sa wani kiɗan kalangu da na fi shekara 10 ina ji, sai ga shi ashe makaɗa biyu ne, ɗaya yana tambaya ɗaya yana amsawa, har na tsayar da keke na saurara zuwa ƙarshe.

Anti, wiii ɗin ya ragu amma bai tafi duka ba, na karɓi kati zan ga likita ranar Talata in sha Allah. Baba, na ji, a titi aljihu yake komawa. Saura robar soso, na zaga ban samu ba. Wanda ya san inda ake sayar da ita a Kano, da girman da zai shiga bakin wannan, don Allah ya taimaka mini.