Yadda ake ƙago al'ummar filin ciyawa a labarin almara

Wani marubuci ya nemi shawara kan al'ummar da zai ƙago a filin ciyawa mai faɗi, inda ido ba ya ganin iyaka. Yawancin masu ba da shawara sun ce ya fara da ƙasar kafin mutanen. Ina ruwa yake? Yaushe ciyawa ke bushewa? Amsar ce za ta nuna ko makiyaya ne masu ƙaura ko mazauna bakin kogi.

Rashin itace ne aka fi daɗewa a kansa. Inda babu bishiya, busasshen kashin dabbobi ne makamashi, gida kuma na fata ne ko na gashin tumaki, kamar tantunan Mongoliya. Sai sandar tanti guda ta zama dukiyar da 'yan'uwa ke rigima a kanta. Wannan ya fi burge ni, domin daga ɗan abu irin wannan ake fitar da dokar gado, har da sadaki.

An yi gardama kan doki. Wasu suka tunatar cewa mutanen filayen Amurka ta Arewa da ƙafa suke farautar ɓauna kafin Sifaniyawa su kawo dawaki a ƙarni na 16, don haka ba tilas ba ne a ɗora mutanen labarin a kan sirdi.

Addini kuwa, sama ce rabin abin da mazauna filin ciyawa suke gani, kuma a zamanin da, Mongolawa Tengri suke bauta wa, ubangijin sama. An kuma ja kunne kada a mai da makiyayan mahara kawai, tunda suna kai fatu da dabbobi birane, su karɓo hatsi da ƙarfe.