Ina zan samu kayan koyar da nazarin adabi da insha'i?

Malamar SS2:
Salam malamai, don Allah a taimaka min. Ina koyar da Hausa a Tudun Wadan Zariya, yarana in ka ce su fito da jigo sai su kwashe labarin kaf su zuba maka, zancen salo kuwa ba a magana. Littafi 6 gare mu, ɗalibai sun haura 70.

Ɗan Samaru:
Wa'alaikumussalam Malama. Ki nemi tsoffin takardun WAEC da NECO, ana samu a shagunan littattafai na Sabon Gari, ki kuma leƙa laburaren Kashim Ibrahim a ABU.

Baba Malam:
'Yata, ni da tatsuniya nake farawa wallahi. Su kawo ta Gizo da Ƙoƙi daga gida, na tambaye su me ake son a koya mana, to jigon kenan, daga nan sai taurari, wato 'yan wasan cikin labarin, sai zubi da tsari, kafin a taɓa littafi ma sun gane. Insha'i kuma ki ce su siffanta Ƙofar Doka da yamma, hayaniyar 'yan acaɓa da masu awara, shafi ɗaya kawai.

Malamar SS2:
Na gode Baba, gobe zan gwada ta Gizon.