Ɗana ya fara cizo tun da muka sauya gida: ni ce ko unguwar?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa uku da rabi. Wata biyar ke nan da komawarmu wani gida a bakin titi, ba filin wasa, maƙwabta kuma kusan kullum cikin faɗa suke har tsakar dare. Tun lokacin ya fara cizon ƙanwarsa, yana jifa da duk abin da ya samu. Ni ma na san na canza. Ina dawowa aiki a gajiye, in daka masa tsawa, ya ƙara ihu, ƙarshe in miƙa masa wayata don in samu sauƙi. Abin yana hana ni barci. Ni na ɓata shi ne, ko wurin ne?

Malamar Nazare:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki. Richard Tremblay, wanda ya daɗe yana bincike kan halayyar yara a Kanada, ya gano cewa duka da cizo sun fi yawa wajen shekara 2 zuwa 3, daga nan yaro ke koyon dainawa. Wayar nan ce ta fi damuna. Gerald Patterson, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya bayyana wannan zagayen: yaro ya yi ihu, uwa ta yi tsawa, ta gaji ta ba shi abin da yake so, shi kuma ya gane ihu na biya. Ranar da ya yi wasa da ƙanwarsa lafiya, ko na minti biyar ne, ki yaba masa a take. In ya ciji, ki ɗauke shi gefe, ki ce "ba a cizo" da murya ƙasa-ƙasa, kar ki ba da wayar.

Baban Sadiya:
Hajiya, unguwa na da nata kason, amma sau da yawa ta kan iyaye take bi ta isa ga yaro. A 1994 gwamnatin Amurka ta fara wani shiri a birane biyar, iyalai kusan 4,600, aka taimaki wasu suka bar unguwannin matsanancin talauci. Iyaye matan da suka ƙaura damuwarsu ta ragu. Ƙarfe nawa yaron yake kwanciya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar barcin awa 10 zuwa 13.

Maman Biyu:
Malam, sai sha ɗaya da rabi yake barci, saboda hayaniyar, kuma shida nake tashinsa. Ban taɓa lissafawa ba. Yau zan mayar da katifarsa ɗakin baya.