Ta wace ƙofa ake shiga aikin kula da gandun daji?

Assalamu alaikum iyayena da yayyena, musamman ma'aikatan ruwa da dazuzzuka. Daga Damagaram nake, kuma wata matsala ce ta sha mini kai.

Na gama lisansi a fannin muhalli, burina in yi aiki a gandun Termit da Tin-Tumma, wanda aka kafa a 2012. Ba gadi kaɗai nake so ba. Ɓangaren tsara aiki da horar da sabbin ma'aikata ya fi jan hankalina. A wajen gwajin aiki na ga wani ƙwararren mai bin sawu, Tubu ne, ya duƙa kan rairayi ya faɗi lokacin da barewa ta wuce da inda ta nufa, amma an miƙa masa GPS, na'urar nuna wuri a taswira, ya rasa yadda zai sa wurin a ciki. Irin wannan giɓin nake so in cike.

To ga inda na maƙale. Duk inda na kai takarduna sai a ce sai mai gogewa a daji, gogewar kuwa sai an ɗauke ka. Wasu sun ce in yi konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, in sa kakin ma'aikatan ruwa da dazuzzuka tukuna, wasu kuma sun ce in nufi makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru. Kuɗinta kuwa, a bar zancen.

Garwa tana karɓar wanda ba gwamnati ce ta turo shi ba? Aikin sa kai a wurin kiwon jimina na Kelle, can wajen Gure, ana lissafa shi a matsayin gogewa? Wanda ya bi hanyar nan, don Allah ya haska mini.