RAM 8GB da haɗa LLVM: in ƙaro RAM ko akwai dabara?

Sani_Gusau: Assalamu alaikum. Ina gina LLVM da Clang (manhajojin da ke fassara lambar shiri zuwa harshen na'ura) daga tushe don aikin kammala karatu. Komai lafiya har a zo wajen linki (matakin haɗa guntayen shirin su zama guda), sai laptop ta daskare, can in ga "ld terminated with signal 9". RAM 8GB gare ni, kuma ginin Debug (mai ɗauke da bayanan gano kuskure) nake buƙata don in bi lambar da gdb, manhajar bin kurakurai. In sayi 16GB ko in haƙura?

Bashir: Wa alaikumus salam. Ka yi Release, ginin da babu bayanan Debug a ciki, ƙarshen magana.

Sani_Gusau: Yaya Bashir, ai na ce Debug nake so.

Malam Nura: Ɗana, Ninja, manhajar da ke tafiyar da ginin, na tayar da ayyuka da yawa lokaci guda, kowane linki na Debug kuma yana cin gigabait masu yawa, sai RAM ya cika, Linux ta kashe ɗaya. Sa -DLLVM_PARALLEL_LINK_JOBS=1 don a riƙa yin linki ɗaya-ɗaya, amma da Ninja kaɗai yake aiki. Ka bar GNU ld, manhajar da ke yin linkin, ka sa -DLLVM_USE_LINKER=lld don lld ta maye gurbinta, ka kunna LLVM_USE_SPLIT_DWARF don a ware bayanan Debug daban, ka taƙaita ginin zuwa X86, wato nau'in firosesa na Intel da AMD. Ka ƙara swap, wato wurin da ake warewa a diski ya taimaki RAM.

Abba_Argungu: Ni dai kada ka sayi RAM a kasuwa. Wani mai shago a Birnin Kebbi ya sayar mini 16GB dubu talatin, ya rantse sabo ne. Ginin ya riƙa faɗuwa kowane lokaci a wuri daban, ina ta zargin CMake, manhajar da ke tsara ginin. Memtest86, manhajar gwada RAM, na sa, allo ya cika da ja. Na koma, ya ce wai ni na ƙona shi. Kuɗin da mahaifiyata ta sayar da tunkiya ne. Har yau abin na ci mini rai.

Bashir: Dubu talatin? A Gusau an ce mini hamsin.

Hauwa_K: Wane irin RAM ne, DDR3 ko DDR4? Ku fara tambayar wannan.

Abba_Argungu: Malam Nura, da girmanka, ka taɓa yi a kan 8GB?

Malam Nura: Na yi, da lld. Ya kwana yana yi, amma ya gama.

Bashir: A wanga zafi sai ka ɗora laptop kan randa 😂

Hauwa_K: Kwana yana yi da wace wuta? Unguwarmu tun shekaranjiya babu. Baturi ya mutu ana tsakiyar linki.

Abba_Argungu: Mu ma haka, ga takardar kuɗin wuta an kawo jiya.

Sani_Gusau: To Malam, swap ɗin nawa zan sa?