Shin ruwa yana wuce digiri 100, ko nan ne iyakarsa?

Alhaji (Kura): Salamu alaikum. Ina nan kan bakana, ruwa ba ya wuce digiri 100. A sa ma'aunin zafi cikin durom ɗin turara shinkafa, da zarar ya tafasa a ƙara itace dami guda, allurar ba za ta motsa ba. Saboda haka tafasa almakashin asibiti a tukunya da sa shi a injin turara kayan aiki duk ɗaya ne, tsada ce kawai ta raba su.

Malam (Kazaure): Wa alaikumus salam. Alhaji, abin da ka faɗa kan durom gaskiya ne, amma sai in a buɗe yake. Lita ɗaya ta ruwa tana cin kilojul (ma'aunin makamashi) kusan 315 kafin ta tashi daga digiri 25 zuwa 100, sannan ta ci kusan 2,260 kafin ta koma tururi duka. Can ƙarin itacen yake tafiya. Ita kanta 100 ɗin ta bakin teku ce, irin Legas. Kano tana sama da teku da wajen mita 480, iskar da ke danne ruwan ta ragu, yana tafasa a wajen 98 da rabi. A Jos kuwa wajen 96. Duk hawan mita 300 ana rasa kusan digiri ɗaya.

Alhaji (Kura): To ai ƙasa ka yi da shi, Malam. Ni sama na ce ba ya yi.

Ogan gareji (Wudil): Ranka ya daɗe, a duba murfin lagireto. Za a ga an rubuta 0.9 ko 1.1. Wannan matsin da murfin ke riƙewa ne a kan na iskar waje, kuma da shi ruwan yake kaiwa wajen 120 bai tafasa ba. In robar murfin ta tsage ko sifirin ya saki, matsin ya zube, mota ta dinga tafasa a hawa alhali fanka da famfon ruwa lafiya lau. Shi ya sa ba a buɗe murfi da zafi. Ruwan ya riga ya haura 100, ana sakin matsin sai ya tafasa gaba ɗaya ya feso a fuska.

Malam (Kazaure): Abin da taswirar halayen ruwa ke nunawa ke nan. Zafi a kwance, matsi a tsaye, layuka uku sun raba ƙanƙara da ruwa da tururi. Tafasa layi ce mai hawa, wato in matsi ya ƙaru, zafin da ruwa ke tafasa a kai ma yana ƙaruwa; 100 ɗigo ɗaya ce a kanta. Mai shakka ya zuƙi ruwan ɗumi kaɗan a sirinji marar allura, ya fitar da iskar, ya toshe bakin da yatsa, ya ja sandar baya da ƙarfi. Ruwan zai tafasa a hannunsa, bai kai zafin shayi ba.

Sista (Gumel): Alhaji, don Allah kada wannan magana ta shiga ɗakin haihuwa. Tafasawa ta minti 20 tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma akwai masu ɓuya cikin ɓawo, irin ta tetanas, da ke iya tsira. Ƙa'idar injin ita ce digiri 121, agogon matsi a kan psi 15 (psi ma'aunin matsi ne), minti 20 ga kayan da ba a naɗe ba, 30 ga naɗaɗɗu, kuma sai agogon ya kai ake fara ƙirga. Inda ake yawan kuskure shi ne rufe mafitar tururi da wuri. Iskar da ta maƙale a ciki ita ma tana tura agogo, sai ya nuna 15 alhali zafin bai kai ba, kuma tururin bai ratsa cikin ƙunshin ba. A bar tururi ya yi ta fita sosai tukuna. Kada kuma a cusa kaya dam.

Alhaji (Kura): Na karɓi ta injin. Amma in haka ne, a ɗaure murfin durom da waya a ɗora dutse, an samu abin da ake nema. Wasu ma gishiri ko kanwa suke zubawa don ruwan ya ƙara zafi.

Ogan gareji (Wudil): A'a Alhaji, kul! Murfin durom mai faɗin santimita 57, matsin psi 15 zai tura shi da nauyin da ya haura tan biyu da rabi. Ba a ƙera durom don haka ba, ba shi da bawul ɗin tsira. Tarwatsewa zai yi.

Malam (Kazaure): Gishiri sai an zuba wajen giram 58 a lita kafin a samu digiri ɗaya. Kanwa kuwa laushin da take sa wake daga sinadarinta ne, tana sassauta jikin ƙwayar waken.

Alhaji (Kura): To ina iyakar layin naka?

Malam (Kazaure): A sama yana ƙarewa a digiri 374, da matsi ninki 218 na iskar bakin teku, inda ba a iya bambance ruwa da tururi. A ƙasa yana haɗuwa da sauran biyun a digiri 0.01 da ɗan ƙaramin matsi ƙwarai, paskal 611 (paskal ma ma'aunin matsi ne). Ƙasa da wannan matsin ƙanƙara ba ta narkewa, tururi take komawa kai tsaye, kuma da haka ake busar da wasu alluran rigakafi su zama gari, irin ta ƙyanda da Sista ke haɗawa da ruwanta kafin ta yi.