Wa ke fara shiga bakin tasha: mai kifi ko mai kaya?

Ɗan Gamkalle:

Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'ar ruwa. Ina su a kogin Isa, wato kogin Neja, a ƙasan unguwar Gamkalle ta Yamai, da jirgin kawuna, na katako, sai filafili da gora, ba inji. Mu zuba kalli, wato ragar kama kifi, da magariba, mu ɗaga da asuba.

Tun da ruwa ya fara ja, inda jirgi ke iya ɗora hanci a ƙasa mai tauri bai fi faɗin jirgi uku ba. Dama laka ce har gwiwa, hagu kainuwa ta rufe. To nan ne wani mai babban jirgin inji ke ɗaurewa a gicciye tun dare, ya tafi gida. Mu iso da kifi mu tsaya cikin ruwa, rana na ɗagawa, karfasa na yin laushi, mata masu saye suna hangenmu daga tudu. Shekaranjiya yarona ya ɗauki kwando a ka zai ratsa lakar, ƙafa ta kafe, giwan ruwa ɗaya da muka samu ya faɗa cikin taɓo. Da rabin kuɗi aka saye shi. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

A al'adar ruwa, wa ke da gaba? Kuma ya halatta in kwance igiyarsa in matsar da jirgin?

Tsohon Basarke:

Wa alaikumus salam, ɗana. Igiyar jirgin wani kada ka taɓa ta. In ka kwance, ruwa ya ja shi ya buga dutse, ko aka ce wani abu ya ɓace a ciki, kai ne da biya, kuma gaskiyarka ta zube.

Abin da muka taras wurin iyayenmu shi ne, bakin tasha hanya ce, ba a kwana a kanta. Mai fitowa daga ruwa yana gaban mai shiga. Mai kifi yana gaban mai yashi da mai kabewa, don kayansu ba sa lalacewa kafin hantsi. Jirgi hanci yake ba tudu, ba ya kwanciya a gicciye. Ka sauke, ka ja jirginka gefe ka kafa gora. Gyaran koma da warware mamari, wato dogon zare mai ƙugiyoyi, a tudu ake yi, ba lokacin da mutane ke bayanka suna jira ba. Wannan kuwa mu masunta mun fi kowa yin sa.

Rigimar tana da lokacinta. Ruwan damina mai launin ja yana zuwa Agusta da Satumba, sannan baƙin ruwa da ke tasowa daga Gine ya ratso Mali ya cika mana kogi wajen Janairu. Lokacin ko'ina tasha ce, ba mai faɗa da wani. Daga Maris zuwa Yuni ne ido ke rufewa. Na ga 1985 da idona, shekarar da Isa ya daina gudu a Yamai, muna ƙetarawa Harobanda, unguwar da ke ɗaya gaɓar kogin, da ƙafa. Yanzu kuma yashin da koramu ke zubowa kowace damina yana cike tashoshin da muka sani, shi ya sa kuke matsuwa. Ka je wurin sarkin ruwan tasharku, kai da kawunka, a kira mutumin a gaban manya.

Mai Inji na Saga:

Baba ya faɗi gaskiya, barin jirgi a gicciye kuskure ne. Amma ɗan uwa, ku ji namu. Jirgi mai kaya yana cin ruwa sosai, in ban bi ta wuri mai zurfi ba zan kafe, kuma ba mai taya ni turawa. A tsakiyar wannan hanyar ce wasunku ke zuba kalli, ko bidon ɗaya, wato jarka, ba su ɗaura don alama. Farfela ta naɗe zare, in shiga ruwa cikin duhu da wuƙa ina yanka, inda aka ga dorina jiya. Gari ya waye a ce na ɓarnata koma in biya. Ku sa alama mai haske, mu kuma mu rage wuta tun daga nesa. Na sha ganin igiyar ruwan inji ta cika ƙaramin jirgi har masu shi na kwarfa da ƙwarya, ban ji daɗin hakan ba.

Inna Mai Kifi:

Ƙanena, Allah ya mayar maka da alheri. Mu ma jiran nan yana cinmu. Zafin Afrilu ya wuce digiri 40, ƙanƙarar da na saya da asuba ta narke kafin kifi ya hau tudu, in kai kasuwa a danna ciki a ce na jiya ne.

Amma tunda ana maganar tasha, a haɗa da tsabta. A fasa cikin tarwaɗa a zubar da hanji daidai inda ake taka ƙafa. Tsofaffin ƙugiyoyi cikin yashi, ga yara ba takalmi. Jikata sai da aka kai ta likita aka ciro mata ɗaya a diddige. Masu moto kuma su gangaro har cikin ruwa suna wanki da sabulu da baƙin mai, nan muke ɗauraye kifin da mutane za su ci. In za ku je wurin sarkin ruwa, ku kira mu mata, muna da magana.

Ɗan Gamkalle:

Na gode Baba, igiya ba zan taɓa ba. Kawu ya ce bayan sallar Juma'a za mu je. Inna, za a aiko miki. Mai Inji, farin bidon ya isa ka gani da tocila, ko sai an ɗaura masa ƙyalle a kan sanda?